Amsar tambayar Molly Bloom da Penelope (murya)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama, na ce gara in yi murya don rubutun zai yi tsawo. Kin ce malaminku ya ce Molly Bloom ta littafin Ulysses na James Joyce ita ce Penelope, ke kuma kin rasa yadda za a haɗa matar da ta ci amanar aure da matar da ake buga misali da ita wajen riƙon amana. Ni ma nan na fara cijewa lokacin da na karanta.

Penelope dai matar Odysseus ce, sarkin Itaka, a waƙar Homer ta tsoffin Girkawa. Ya tafi yaƙin Taroi, shekara 20 ba ya gida. Manema 108 suka tare a gidan suna cin dukiyarsa, wai ya mutu, ta fid da miji. Sai ta ce su dakata ta gama saƙa likkafanin surukinta Laertes. Ta saƙa da rana, ta warware da dare, shekara 3 tana haka kafin wata baiwa ta tona mata asiri.

Littafin Joyce kuwa a Faris ya fito, 1922, amma labarin na yini guda ne, 16 ga Yuni 1904, a Dablin. Leopold Bloom, mijin Molly, ya kai mata shayi har gado, ya fice, alhali ya san ƙarfe 4 Boylan, mai shirya mata wasan waƙa, zai zo gidan. Kuma ya zo. Ba na wanke ta, abin da ta yi ta yi shi. Sai dai in kika tsaya nan kika ce Joyce ya juya Penelope ne kawai, kin bar rabin matar a baya.

Kin san mu Hausawa in mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa, cewa muke yana saƙa da warwara. To babi na 18, na ƙarshe, shi ke nan gaba ɗayansa. Molly na kwance cikin dare, mijin ya yi barci kansa wajen ƙafafunta, ita tana tunani, jimloli 8 dogaye ba waƙafi ko ɗaya. Ta ɗauko namiji a ranta ta juya shi ta ajiye. Har Boylan ɗin, can gaba sai ta ga ba shi da ladabi, ba ya san darajar mace. Odysseus da baka da kibiya ya karkashe manema, Bloom ko tsawa bai yi ba. Ita ce take sallamarsu ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta.

Amma wurin da ya fi taɓa ni, ƙanwata, maganar Rudy ce. Ɗan Molly da Bloom ne, kwana 11 ya yi a duniya. Molly ta tuna 'yar rigar ulu da ta saƙa masa tana kuka, da ita aka binne shi. Ta ce a ranta da ma wani ɗan talaka ta ba, amma ta san ba za ta ƙara haihuwa ba. Nan da nan ta kau da tunanin don kada ya karya ta. Ki duba fa, Penelope likkafanin tsohon da ke raye take saƙawa, tana da damar warwarewa. Ta Molly an gama, an rufe ƙasa a kai. Tun rasuwar yaron nan, sama da shekara 10, ita da mijinta ba su ƙara zama mata da miji yadda ya kamata ba. Kullum yana shiga yana fita, amma a wajenta ya yi nisa kamar wanda ya tafi yaƙi. Wallahi duk macen da ta taɓa binne jariri za ta gane wannan shirun.

Akwai kuma gado. Na Odysseus ƙafarsa ɗaya bishiyar zaitun ce mai saiwa a ƙasa, ba ya gusawa, da shi ma Penelope ta gwada shi ta tabbatar mijinta ne. Na Molly daga Jibralta aka kawo shi, inda aka haife ta, zobban tagullarsa sun saki, ko juyi aka yi sai ya yi ƙara. Bloom ya dawo ya tarar da ɓurɓushin naman gwangwani a kai, ya gane Boylan ya hau gadon, ya kwanta.

Ƙarshen kuma ta koma shekara 16 baya, kan tudun Howth, ranar da Bloom ya nemi aurenta. Gaskiya ne, tunanin saurayinta na farko a Jibralta ya cuɗanya da wannan, ba zan ɓoye miki ba. Duk da haka Bloom ta amsa wa, kuma dalilinta shi ne ya fahimci mace. Da "e" babin ya fara, da "e" ya ƙare.

In za ki rubuta aikin naki, nemo wurin rigar Rudy ki karanta shi a bayyane sau biyu, sannan ki turo mini abin da kika ji. Sai an jima.