Shin dagwalon shadda zai iya zama takin sayarwa?

Tambaya: Ina da motocin kwasar bahaya guda biyu a Kano, kuma kullum sai na biya kuɗin zubarwa. An ce mini idan na tara dagwalon, ƙananan halittu za su cinye ƙazantar da ke cikinsa ya koma taki. Shin ya dace in zuba jarina a wannan harka?

Amsa: Alhaji, abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai ba a kai maka ƙarshen zancen ba. Idan aka tsane dagwalo a fili, aka cuɗa shi da ɓuntun shinkafa ko garin katako domin iska ta ratsa, bakteriya da fumfuna sukan ci maiƙo da ragowar sabulu da sauran abubuwa masu ruɓewa, har tarin ya ɗauki zafi da kansa. Wannan zafin shi ne jarinka na gaskiya, domin shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, wanda ya fi komai taurin rai. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka ita ce tarin ya riƙe zafin digiri 55 a ma'aunin Celsius na tsawon kwana 15, a juya shi aƙalla sau 5. Saboda haka ka sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke tun kafin ka buga buhu. Danshi kuwa da hannu ake gane shi, bayan an sa safar roba: in ka matse ya dunƙule ba tare da ruwa ya zuba ba, ya yi daidai.

Abin da ya fi damuna shi ne inda motocinka ke kwasa. Bakteriya da fumfuna ba sa cin ƙarfe. Kuromiyam da ke fitowa daga masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa, da dalma, suna nan daram bayan an gama ruɓewa, har ma sukan ƙara yawa a kowane buhu tunda tarin ya ragu. Baƙin mai na gareji shi ma yana daɗewa bai narke ba. Lodi ɗaya daga irin waɗannan wurare zai iya ɓata maka tarin wata uku, kuma manomin da ya zuba shi a gonar latas ba shi da hanyar ganewa. Ka ware mota ɗaya ga gidajen kwana da makarantu kaɗai, ka riƙa rubuta asalin kowane lodi.

Ta fuskar kuɗi, kada ka ci bashi da fatan taki zai biya shi da wuri. Daga shanya zuwa nuna ana cin watanni, kusan rabin tarin yakan tafi, ciniki kuma sai gabanin damina da lokacin noman rani. Kuɗin kwasa ne zai riƙe ma'aikata da hayar fili a tsakani. A Gana, takin Fortifer, wanda cibiyar binciken ruwa ta ƙasa da ƙasa (IWMI) ta samar daga dagwalon shadda, aka buɗe masana'antarsa kusa da birnin Tema a 2017, ya kafu ne da haɗin gwiwar ƙaramar hukuma da kamfanin kwashe shara, abin da ke nuna cewa fili da izini sun fi sauƙi idan hukuma tana ciki.

Shawarata ita ce ka gwada da tari kaɗan a bayan gari, nesa da rijiyoyi, da izinin hukumar muhalli ta jiha. Ka kai samfuri ɗakin gwaji a duba ƙarafa da ƙwan tsutsa, sannan ka nemi rajista bisa dokar ingancin taki ta 2019 kafin ka kai buhu ko ɗaya kasuwa.