Su ma mutanen Ireland sun san zafin ci-rani

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mutanen Ireland, duk da suna Turawa, sun yi yawon ci-rani kamar mu, kuma ko suna riƙe zumunci da na gida ko da sun tafi shi ke nan. Bari in ba ka abin da na gani da idona. Ina aikin kula da tsofaffi a Birmingham, kuma shekara uku na yi ina zuwa gidan wani dattijo ɗan gundumar Mayo, can yammacin Ireland. Baba nake ce masa, da na fassara masa ma'anar kalmar kuwa ya ce in ci gaba.

Ya bar gida a 1957 yana ɗan shekara 19. Dalilinsa duk ɗan manomi zai gane shi: gona ɗaya ce ƙarama, su bakwai ne a gidan, kuma al'adarsu a lokacin ɗa ɗaya ake bar wa gona, sauran kowa ya kama gabansa. Yayansa aka bar wa. Shi kuwa ya hau jirgin ruwa daga Dún Laoghaire a Ireland zuwa Holyhead a Birtaniya, daga nan jirgin ƙasa. Babu biza, domin tsakanin ƙasashen biyu akwai yarjejeniyar shige da fice wadda har yau tana aiki. A shekarun nan na 1950 mutane sama da 400,000 suka bar ƙasar, har ƙidayar 1961 ta nuna saura kusan miliyan 2.8 kacal a jamhuriyar. Abin ma ya girme shi. Tun yunwar 1845 zuwa 1852, da cuta ta lalata dankalin turawa, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka fice. Ya ce a zamanin kakanninsa, wanda zai tafi Amurka zaman makoki ake yi masa yana raye, daren tafiyarsa, don an san ba za a sake ganinsa ba.

Aikinsa leburanci ne, haƙa rami da zuba kankare. Duk sanda muka bi ta kan gadar nan mai sarƙaƙiya ta Spaghetti Junction, wadda aka buɗe a 1972, sai ya nuna min ginshiƙai ya ce da guminsa a ciki. Ranar Juma'a ake biyansu, ranar Asabar yana gidan waya yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi. Da kuɗin nan aka cire rufin ciyawa, aka ja wutar lantarki, aka yi wa ƙannensa mata biyu kuɗin jirgi, su ma suka zo Ingila suka koyi aikin jinya. Ita kuma tsohuwa tana aiko masa da jaridar yankinsu, Western People, a naɗe, sannan in 17 ga Maris ta matso, ranar Waliyyi Patrick, babban bikin ƙasarsu, ta saka masa ganyen shamrok, alamar Ireland, a ambulan. Duk watan Agusta yana gida, da sabuwar kwat. Ya taɓa gaya min yana dariya cewa kwat ɗin sau da yawa bashi ce. Ban ce komai ba, don ni ma na san abin da nake yi in zan je Sallah.

Inda labarin ya yi nauyi shi ne bayan rasuwar mahaifiyar. Su a can ba sa jinkirta jana'iza kamar Ingila, inda gawa ke yin makonni; kwana biyu ko uku an binne. Saƙo ya iske shi a makare saboda ya sauya masauki, ya isa an riga an rufe ta. Daga nan gidan ya zama na yayansa da matarsa. Babu wanda ya kore shi, amma ya ce da ya ga ana fito masa da kofin baƙi, ya san matsayinsa ya sauya. A ƙauye ana tsokanarsa wai harshensa ya koma na Ingila, a Ingila kuma bai wuce "Paddy" ba, sunan raini da ake kiran 'yan Ireland da shi. Bayan bama-baman Nuwamba 1974 da suka kashe mutum 21 a mashaya biyu a Birmingham, waɗanda aka ɗora wa IRA, ƙungiyar 'yan gwagwarmaya da makamai ta Ireland, ya ce watanni ya yi ba ya son buɗe baki a cikin bas. Bikin Patrick na birnin ma an dakatar da shi, sai 1996 ya dawo. Zuwa gida ya ragu, daga duk shekara zuwa sai an yi rasuwa, har ya daina.

A ganina nisa bai raba su da gida ba, tafiyar yini ɗaya ce. Kunya ce ta fi cin su. Ya lissafa min abokan aikinsa da giya ta cinye, suka tsufa a ɗaki ɗaya na haya, suka ƙi komawa don kada a ga sun dawo hannu rabbana. Har suka mutu danginsu na zaton suna cikin daula.

Shi dai Allah ya taimake shi da jikar yayansa, wadda ta nemo shi. Ni na saka masa WhatsApp a waya, na koya masa latsa kiran bidiyo. Kullum da safe sai na kunna masa Midwest Radio ta intanet ya saurari sanarwar mutuwa, yana faɗa min wannan ɗan gidan wane ne, gonarsu tana kusa da wace gada. Ranar da Mayo ta sha kashi a hannun Tyrone a wasan ƙarshe na ƙwallon gargajiyarsu a 2021, ko shayi ya ƙi sha. Rabon Mayo da kofin tun 1951, yana yaro.

Ya rasu shekarar da ta biyo baya. A cikin akwatinsa aka tarar da rasit na kabari da ya saya tun da daɗewa kusa da na mahaifiyarsa, da kuɗin jirgi a ambulan daban. Ta filin jirgin Knock aka kai shi. Yarinyar ta aiko min da hoto: cocin cike yake da mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba, sunan gidansu kawai suka ji a rediyo suka zo.