Gidan haya a Tumfure: sola da na'urorin zamani za su mayar da kuɗinsu?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, Gombe. Ina gina fulat huɗu a Tumfure domin haya, gini ya kai linta. Ɗana ya dage sai an sa sola, kyamarori, makulli mai karanta yatsa da fitilun da ake kunnawa ta waya. Daga jarina zan cire kuɗin. Za su dawo kuwa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa a gama lafiya. Yaronka ya hango gaskiya, sai dai ya haɗa abin da ke kawo kuɗi da abin da ke burge baƙo. Ɗan haya a Gombe abu uku yake tambaya kafin ya biya: ruwa, wuta, da zafin ɗaki. Duk na'urar da ba ta taɓa ɗaya daga cikinsu ba, ta jira tukuna.

Na yi murna da gini bai wuce linta ba, don aikin da ya fi riba yanzu ne lokacinsa, kuma a hannun birkila da kafinta yake. Zafin Maris da Afrilu a nan yakan haura digiri 40, mafi yawansa kuma ta rufi da bangon yamma yake shigowa. Ka ɗaga silin, ka sa kwano mai launin haske maimakon baƙin da ake yayi, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, a bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano. Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, su fuskanci juna don iska ta ratsa. Ka dasa darbejiya ta yamma, nesa kaɗan da harsashi. Shiga ɗakin da aka yi wa haka da ƙarfe uku na rana, ka fito ka shiga na maƙwabci, jikinka zai ba ka amsa. Ɗakin da fanka ta ishe shi ba ya buƙatar babbar sola, ragin kuɗin daga nan yake farawa.

Sai ruwa. In za ka haƙa rijiyar burtsatse, ka haɗa injin jan ruwan da farantan sola kai tsaye. Ba ya buƙatar batir: rana ta fito ya ja, tanki ya ajiye. Ka ƙara masa ɗan makunnin da ke kashe inji idan tanki ya cika. Kuɗinsa kaɗan ne, amma shi ke hana ruwa kwarara a tsakar gida har ya jiƙa gindin bango. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, karo-karon man janareto ya zama abin da ke haɗa 'yan haya faɗa.

Haka ma mita. Kowane fulat ya sami tasa mai kati daga kamfanin rarraba wutar lantarki na JED, kowa ya sha abin da ya saya. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin rukunin A, wato masu samun wuta sosai, naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Da irin wannan farashi, mita ɗaya ga gida huɗu rigima ce kullum, kuma kanka za ta ƙare.

Solar cikin ɗakuna ita ce mai cin jari, don haka a bi ta da lissafi. Mutanen Gombe ba su manta duhun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, saboda haka buƙatar tana nan. Amma ka tsaya kan fitila, fanka, talabijin da firji, ban da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki. Batirin litiyam ya fi tsada, ya kuma ninka na ruwa daɗewa, musamman a zafinmu. Misali kawai: ka kashe naira miliyan 6, ka ƙara dubu 300 a hayar kowane fulat a shekara, shekara 5 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo. Kwatanta wannan da abin da miliyan 6 ke kawo maka in ka ajiye masara ko wake daga kaka zuwa bazara. In hatsi ya fi, kada ka taɓa jarin. Ka sa mai wayarin ya binne bututu tun kafin filasta, ya ware layin ƙananan kaya daban, ya bar wurin ajiye batir mai iska. Ɗan hayar da ke so ya kawo tasa, ko ka sa daga kuɗin hayar shekarar farko.

Kyamara biyu a bakin get da fitilun waje masu kunna kansu da magariba sun isa. Makullin yatsa da fitilun waya kuwa, ban ga wanda zai ƙara maka haya saboda su ba, ga ƙurar hunturu, ga wahalar samun mai gyara.

Kafin ka biya kowa, karɓi farashi a rubuce daga mutum uku, ka je ka ga aikin da kowannensu ya yi aƙalla shekara biyu da suka wuce, ka tambayi mai gidan ba a gabansa ba. A takardar haya kuma a rubuta wanda zai riƙa wanke farantan lokacin hunturu, da wanda zai biya in batir ya mutu. Wannan aikin bin diddigin ka damƙa wa yaronka, tunda kansa na ja a harkar.