Amsa ga 'yar'uwar da hannunta ke mutuwa da dare, yatsa kuma yana maƙalewa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce kusan wata huɗu ke nan hannunki na dama yana tashin ki daga barci, yatsu su yi dindiris kamar ana tsira musu allura, sai kin yarfa hannun kafin ya saki. Da safe kuma yatsan zobe yana maƙalewa a lanƙwashe, sai kin sa ɗaya hannun kin miƙar da shi, ya yi ƙas. Kina tambaya ko shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, kuma ko dole sai an yi aiki.

Ki kwantar da hankalinki ta fuskar shanyewar jiki. Ita farat ɗaya take zuwa, baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu da ƙafa na gefe guda su saki. Wanda ya ga haka ba tambaya zai tsaya yi ba, asibiti zai nufa a lokacin. Abin da kika bayyana ya fi kama da matsaloli biyu daban da suka haɗu a hannu ɗaya, kuma sun saba zuwa tare, musamman ga mai ciwon suga.

Akwai abin da ke rikita mu in ana wannan magana: kalmar jijiya. Abubuwa uku muke kira da ita. Akwai ta jini, akwai ta saƙo wadda ke kai ji da umarnin motsi, akwai kuma igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, wadda ke jan yatsa ya lanƙwashe. Mutuwar yatsunki matsalar jijiyar saƙo ce. Maƙalewar yatsan kuwa matsalar igiyar tsoka ce. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa 8, an jera su layi biyu, sun yi kwarmi ta gefen tafi. Wani murfi mai tauri a ƙarƙashin fata ya rufe kwarmin daga sama, ya zama kamar ɗan kwalbati. Ta cikinsa igiyoyin tsoka 9 suke wucewa zuwa yatsu, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Wurin ba ya buɗewa, domin ƙashi ne ta ƙasa da gefe. Duk abin da ya kumbura a ciki, jijiyar ce ke shan matsa, tunda ita ce mai laushi. Sunan da za ki ji a bakin likita shi ne kafal tonel.

Wannan jijiya tana kai ji ga babban yatsa, manuniya, yatsan tsakiya, da rabin yatsan zobe. Ba ruwanta da ƙaramin yatsa. Don haka daren yau in hannun ya tashe ki, kafin ki yarfa shi, ki tsunguli kan kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya. In ƙaramin yatsa yana ji garau sauran kuma sun mutu, kin kusa gane abin da ke damun ki. In kuwa ƙaramin yatsan da na zobe ne suka mutu, to wata jijiyar ce daban, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, wurin da in mutum ya buge yake jin kamar wutar lantarki ta ja shi. Can za a duba. In kuma ciwon daga wuya yake gangarowa ta kafaɗa, yana ƙaruwa in kin juya kai, ƙashin wuya za a bincika.

Me ya sa da dare? Yawancin mutane suna barci da wuyan hannu a lanƙwashe, ko a ƙarƙashin kumatu ko a ƙirji, kuma lanƙwashewar tana ƙara matse wurin. Za ki iya gwadawa yanzu: ki haɗa bayan hannuwanki biyu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, ki tsaya haka daƙiƙa 60. In minjiryar ta taso a waɗancan yatsun kafin lokacin ya cika, alama ce mai ƙarfi. Likita zai yi wannan gwajin, zai kuma ɗan ƙwanƙwasa kan jijiyar ko ya danna wurin da yatsansa na rabin minti. In yana son tabbatarwa, ko ana shirin aiki, zai tura ki gwajin da ake auna saurin gudun saƙo a cikin jijiyar da 'yar wutar lantarki. Ba daɗi, amma ba ya cutarwa.

Mata sun fi maza samunsa. Juna biyu yana kawo shi saboda ruwan da jiki ke tarawa, kuma galibi yana lafawa bayan haihuwa. Ciwon suga, ƙiba, raunin aikin tayirod (ƙwayar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura ake samun maƙoƙo), amosanin gaɓɓai, tsohuwar karaya a wuyan hannu, da aiki da injin da ke girgiza hannu, duk suna cikin abubuwan da ke jawo shi. Ba ki faɗi ko kina da suga ba. In ba ki taɓa aunawa ba, ki auna, domin haɗuwar waɗannan alamomi biyu a hannu ɗaya dalili ne isasshe.

Magani na farko shi ne maɗaurin wuyan hannu, irin mai ɗan ƙarfe a ciki ta gefen tafi. Ana sa shi lokacin kwanciya, kullum, mako 4 zuwa 6 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Kurakurai biyu ake yawan yi da shi. Da yawa daga cikin maɗauran suna zuwa da ƙarfen a tanƙware, yana ɗaga hannu baya, alhali abin da ake so shi ne wuyan hannu ya miƙe sak kamar an ɗora shi kan tebur. Ki zare ƙarfen ki miƙar da shi ki mayar. Kuskure na biyu shi ne tamke shi tam, da tunanin matsi ne magani. Aikinsa hana lanƙwashewa ne kawai; ya kamata yatsa ɗaya ya iya shiga tsakaninsa da fata. Bandejin roba da ake naɗewa ba ya maye gurbinsa, sau da yawa ma ƙara kumbura yatsu yake yi.

Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen ba su cika taɓuka komai a wannan ciwon ba, tunda ba sa buɗe wurin da ya matse, ga shi kuma yawan shan su yana taɓa ciki da ƙoda. Bitamin B ma haka, sai ga wanda aka auna aka ga yana da ƙarancinsa. Masu shan maganin suga metformin na shekaru suna iya samun ƙarancin B12, wannan kam ya cancanci a duba.

In maɗauri bai wadatar ba, sai allurar sitiroyid a cikin kwarmin. Tana sassabe kumburi, mutane da yawa suna samun sauƙi na makonni ko watanni, amma sau da yawa ciwon yana dawowa. Wanda ya san wurin ne kaɗai ya kamata ya yi ta, domin in allurar ta shiga cikin jijiyar kanta, ɓarna ce. Mai ciwon suga ya sani cewa sugansa zai hau na 'yan kwanaki bayan allurar, ya riƙa aunawa.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a duk wannan dogon bayani. Ki buɗe tafukanki biyu ki jera su, ki kalli tudun naman da ke gindin babban yatsa. Ya kamata su yi kusan daidai. In na hannun da ke ciwo ya fara lotsawa, ko mutuwar yatsun ta daina zuwa tana tafiya ta zauna dindindin har da rana, ko kin fara kasa sa maɓalli, kofi yana suɓuce miki, allura ta faɗi ki kasa tsince ta, to lokacin maɗauri ya wuce. Jijiyar ta fara lalacewa. Wasu a wannan matakin suna murna cewa zafin dare ya ragu, alhali ragin ba na warkewa ba ne, jijiyar ce ta gaza kai saƙon zafin ma.

Aikin kansa ƙarami ne. Ana kashe wurin da allura, mutum yana farke, a tsaga fata kamar santimita 2 zuwa 3 a gindin tafi, a yanke wancan murfin da ya rufe kwarmin don jijiyar ta sarara. Galibi bai wuce minti 20 ba, a koma gida ranar. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. A kwanakin farko a riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙa motsa yatsu tun daga ranar, kada a jiƙa ɗinkin. Tashin dare yakan ɗauke cikin 'yan kwanaki. Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne gefen tabon yakan yi tsami in an dafa tafi, har wata biyu ko uku, kuma ƙarfin damƙa yana dawowa a hankali. Wanda ya jinkirta har naman ya lotsa, aikin zai tsayar da ɓarnar, amma jin yatsun zai ɗauki watanni, wani lokaci ma ba ya dawowa duka. Jijiyar saƙo tana tofowa ne kamar milimita ɗaya a rana, in ma za ta tofo.

Sai yatsan da ke maƙalewa. Igiyar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wasu ƙananan zobba da suka riƙe ta jikin ƙashi, kamar yadda zariya ke bi ta ƙubaka. Zoben farko yana cikin tafi, daidai gindin yatsan. In ya yi kauri, ko igiyar ta yi ɗan ƙulli, sai ta wuce da ƙyar in an dunƙule hannu, ta kasa komowa. Ki danna tafinki a gindin yatsan zoben, ki lanƙwasa ki miƙe: za ki ji ɗan ƙullutu yana kai da komo ƙarƙashin yatsanki, da zafi. Mutane suna ta murza gaɓar tsakiyar yatsan don can suke jin ƙas ɗin, alhali matsalar tana ƙasa. Ana fara wa da hutar da hannu daga damƙa mai ƙarfi da ɗan maɗaurin da ke miƙar da yatsan da dare. Allurar sitiroyid tana aiki sosai a nan, fiye da yadda take yi a kafal tonel, ko da yake masu suga ba su cika samun cikakken amfaninta ba. In an yi sau biyu bai saki ba, ba a ci gaba da tsirawa, don yawan ta yana raunana igiyar. Sai a tsaga zoben, aikin 'yan mintuna, kuma in duka biyun sun kai ga aiki ana iya haɗa su a zama ɗaya. Kada ki bar yatsan ya daɗe a maƙale, gaɓar tana iya sandarewa.

Tunda wasu za su karanta su ga kamar nasu ne, bari in taɓa biyu da ake rikitawa da wannan. Zafi a gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa, wanda ke tsananta in an ɗaga jariri ko an matse tsumma, ba tare da mutuwar yatsu ba, kumburin kuben igiyoyi biyu ne masu ɗaga babban yatsa. Sunan likitan Suwizalan da ya bayyana shi a 1895 aka sa masa, De Quervain. Maɗaurinsa daban ne, dole ya haɗa da babban yatsan. Allura tana yi masa aiki, sai dai da yake wurin ba nama, takan bar farin tabo a fata mai duhu na watanni, gara a sani tun kafin a yi. Shi kuwa ƙullutun da ke fitowa a bayan wuyan hannu, yana girma yana raguwa, jakar ruwa ce mai yauƙi daga gaɓa, ba ciwon daji ba ne, kuma da yawa suna ɓacewa da kansu. Kada a buge shi da abu mai nauyi, kada a huda shi a gida. In an zuƙe da sirinji yakan dawo.

Ɗan'uwan da ya ƙara da tambayar cewa ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi mako uku da suka wuce, an yi hoto an ce ba karaya, amma har yanzu wuyan hannun na ciwo: Malam, ka miƙe babban yatsanka baya, za ka ga ɗan rami a gindinsa ta gefen wuyan hannu. Danna cikinsa. In nan ne zafin, ka koma. Akwai ɗan ƙashi a ƙarƙashin ramin mai suna sikafoyid, tsagewarsa takan ɓuya a hoton ranar farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14 ko an yi hoton MRI, wanda ya fi nuna ciki dalla-dalla. Jini ta ƙarshensa ɗaya yake shiga ya koma baya, don haka in ya tsage aka ɗauke shi targaɗe aka bar shi yana motsi, ɓangaren da ya rasa jini yana iya mutuwa, karayar ta ƙi haɗewa, bayan shekaru gaɓar ta cinye. In an gano da wuri, simintin ɗaure karaya na mako 6 zuwa 12 yakan isa; in ƙashin ya goce, sai a ɗaure shi da 'yar ƙusa mai zare. In kana shan taba ka ajiye ta, tana hana wannan ƙashin haɗewa. Kuma in an sa simintin ka ji zafi yana ƙaruwa, yatsu sun kumbura sun yi sanyi ko sun canza launi, a daren za ka koma a tsaga shi, ba a jiran safiya.

Ke kuma 'yar'uwa, ranar da za ki ga likitan ƙashi ki tafi da amsar abubuwa huɗu: waɗanne yatsu ne ke mutuwa, sau nawa yake tashin ki a mako, ko yana sakin ki da rana, da sakamakon gwajin suga. Zoben da ke yatsan nan kuma ki cire shi tun yau, kafin kumburi ya hana shi fita.