Kada ka shafa wa tsohuwar barga siminti

Ka ce bargar dawakin gonar da kake aiki a Ingila tana cikin jerin gine-ginen tarihi, bangon bulonta ya fara tsagewa, kana tambaya ko za ka iya liƙe shi da siminti. Kada ka yi, ɗan'uwa. Ka nemi kwaɓin farar ƙasa (wadda ake kira lime da Turanci) da yashi, irin wanda aka gina ta da shi tun farko. Kuma kafin ka taɓa bangon, ka tuntuɓi jami'in adana gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumarku, domin dokar kare gine-ginen tarihi ta shekarar 1990 ta mayar da sauya fasalin irin wannan gini ba tare da izini ba laifi.

Dalilin shi ne danshi. Farar ƙasa tana barin bango ya fitar da ruwan da ya sha, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Sanyi na zuwa ruwan ya daskare, fuskar bulon ta ɓare. Na ga makamancin haka a gidan kakana na ƙasa: aka yaɓe shi da siminti, bayan damina biyu yaɓen ya zube, ya tafi da jikin bangon.