Ga namu a kusa, me ya kai masana leƙen taurarin maƙwabta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na kimiyya ya ce tauraro mafi nauyi da aka sani ba a cikin gungun taurarinmu yake ba, a wani gungun yake can daban. Abin da ya ɗaure min kai, ga namu a kusa, me ya sa masana suke tsallakawa har can? Daga ɗalibarka a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku ya faɗi daidai. Sunan tauraron R136a1, yana cikin wani makeken gajimaren iskar gas da ake kira Tarantula, wato gizo-gizo, saboda zare-zarensa sun miƙe kamar ƙafafunsa. Gajimaren yana cikin Babban Gajimaren Majelan, wani ƙaramin gungu da ke maƙwabtaka da namu. Haskensa sai ya yi tafiyar shekara kusan 160,000 kafin ya iso mu. Binciken 2022 ya ce nauyin tauraron ya ninka na rana wajen sau 200, haskensa kuwa sau miliyoyi.

To me ya kai su can? Mu a cikin namu gungun muke zaune, ƙura ta tare mana gani ta ɓangarori da yawa. Kin taɓa tsayawa cikin kasuwar Kurmi ki ce za ki ƙirga rumfuna? Sai wanda ya hau Dala. Na maƙwabta daga waje muke hango su, kuma nisansu da mu kusan ɗaya ne. Saboda haka in wannan ya fi wancan haske, da gaske ya fi shi, ba kusanci ne ya ruɗe mu ba. Wannan kaɗai, a ganina, ya isa dalili.

Sannan irin waɗannan ƙattai ba su da yawa, ba sa kuma daɗewa. Rana ta yi shekara biliyan 4.6, da sauranta. Su kuwa almubazzarai ne, cikin 'yan shekaru miliyan sun cinye abin da suka zo da shi. Dole a neme su inda ake haihuwarsu yanzu, kuma duk gungunmu da na maƙwabta babu gidan haihuwar taurarin da ya kai Tarantula cika. A gefensa ne ma wani tauraro ya fashe, aka ga fashewar da ido a Fabrairun 1987.

Ba ki tambaya ba, amma daga nan arewa gungun Majelan yana ɗan leƙowa can ƙasa-ƙasa ta kudu, wajen Disamba da Janairu, bai fi faɗin dunƙulen hannu daga ƙasa ba in kin miƙe hannunki. Bara na hau soro da rigar sanyi da abin hangen nesa, na kai sha ɗaya na dare ina jira. Hazo kawai na gani, na sauko da mura.