Ku Tambayi Anti: 'Yan tsanan ruwa da rubutun burushi na Biyetnam

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, zan je Hanoi, babban birnin Biyetnam, saro kaya kuma inaga zan samu kwana biyu ba abun yi kafin jirginmu ya tashi. Ƙawata tace lallai inje inga wasan 'yan tsana da ake yi a cikin ruwa. Ni kuma gaskiya ji nake abun yara ne, uwar 'ya'ya dani inje in zauna kallon 'yar tsana? Ya cancanci kuɗina?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya bada sa'ar kasuwa. Kije. Ƙawarki ta fiki gaskiya a wannan karon, dan idan kika shiga zauren zaki ga manya sun fi yara yawa nesa ba kusa ba.

Abun ba dan yara aka ƙirƙire shi ba tun asali, wasan manoman shinkafa ne na ƙauyukan da ke bakin Jan Kogi a arewacin ƙasar, inda ruwa ke malale gonaki, mutane suka maida kududdufin gari dandalin wasa lokacin bukukuwa. Kuma ya daɗe, akwai wani dutse mai rubutu a wurin ibadar Doi da aka kafa a 1121 zamanin sarki Ly Nhan Tong, a jikinsa an bada labarin irin wannan wasa da aka yi wa sarki a kan ruwa. Kinga shekara 900 kenan da ɗoriya.

Inda ya fi miki sauƙi shi ne gidan wasa na Thang Long, a titin Dinh Tien Hoang dab da tafkin Hoan Kiem, tsakiyar gari, duk mai tasi ya san wurin. Tun 1969 ƙungiyar take. Wasan baya kai awa ɗaya, kamar minti 50 ne, kuma suna yi sau da yawa daga la'asar zuwa dare, amma fa kada ki bari sai lokaci yayi ki taho siyan tikiti dan motocin 'yan yawon buɗe ido cinye kujerun suke, ki biya da rana ki siya ko kisa mutanen otal ɗinki su siyo miki. Kuma ki daure ki ƙara kuɗi ki ɗau layin gaba. A nan ne kawai zan ce miki kar kiyi tsumulmular 'yan kasuwa, dan wanda ya zauna baya rabin abun da zai gani wayoyin mutane ne a sama suna ɗaukar bidiyo.

Idan kin zauna, gabanki tafki ne ɗan madaidaici da ruwa kore shar wanda ba'a ganin ƙasansa, bayansa gini mai jan rufi irin na gidan taron ƙauyensu, an saki asabarin gora daga sama har ruwa. A gefe makaɗa da mawaƙa na zaune, ganguna da sarewa da wata aba mai tsirkiya ɗaya tal da suke kira dan bau, sautinta kamar mutum na kuka a hankali. Sai wani ɗan ƙato mai tumbi da murmushi har kunne ya fito daga ƙarƙashin asabarin yana surutu, sunansa Teu, shi ne sanƙiran wasan, yana zolaya matan da ke waƙa suna mayar masa. Ba zaki ji ko kalma ɗaya ba, dan da yarensu ake yin komai, amma wallahi baki buƙatar tafinta dan ki gane manomi ne ke bin ɓauna da garma, ko mata na dashen shinkafa, ko masunci ya kai wa kifi kifa da kwando ya kuskure ya kife abokinsa. Wanda ya fi bani dariya na tsoho da tsohuwa masu kiwon agwagi ne, yanyawa ta lallaɓo ta sure ɗaya ta haye bishiya da ita ana binta da sanda. Akwai kuma dodannin nan masu kama da maciji da ke fitowa daga ƙarƙashin ruwa suna feso wuta da hayaƙi, wuta ta gaske, a kan ruwa.

Guda ɗaya zan so ki san labarinsa kafin ki shiga. Zaki ga sarki a kwale-kwale, wata ƙatuwar kififiya mai ruwan zinare ta taso ta karɓe takobin hannunsa ta nutse. Sarkin shi ne Le Loi, wanda ya kori sojojin daular Ming ta China ya hau mulki a 1428, a almararsu aron takobin aka bashi dan yaƙi, da yaƙi ya ƙare mai abu ya aiko a karɓa. Tafkin da ake cewa abun ya faru shi ne wanda zaki gani da kin fito ƙofar gidan wasan kin tsallaka titi.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Na ga bidiyon 'yan tsanan nan a Facebook suna iyo suna rawa ba kowa a kusa dasu, ba igiya a sama. Abokina ya rantse tsafi ne, wai mutanen can akwai asiri. Meye gaskiyar lamarin? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ɗana, kace wa abokinka ya yi kaffarar rantsuwa. Mutane ne tsaye a bayan asabarin nan, ruwa har ƙugu, suna hango waje ta tsakanin goran su kuma ba'a ganinsu. Kowace 'yar tsana an kafa ta a kan doguwar sanda da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, da igiyoyi da ke motsa hannu da kai, kuma da gangan ake barin ruwan ba garau ba dan ya rufe sandunan. Da itacen ɓaure ake sassaƙa su saboda bashi da nauyi yana yawo a kan ruwa, sai a shafe da ƙaron wata bishiya shafi kan shafi dan kar ruwa ya ci su, duk da haka basa daɗewa sai an sake sabbi. Wasu nauyinsu na kai kilo 15, wasu sai mutum biyu ko uku sun haɗu a kan guda.

Asirin da ke ciki na sana'a ne. A da kowane ƙauye na da ƙungiyarsa da dabarun ɗaurin igiyarta da bata nuna wa kowa, har 'ya'ya mata ba'a koya wa dan kar suyi aure a wani gari su tafi da sirrin. Yanzu kam mata na ciki sosai. Kuma aikin akwai wahala, Hanoi na sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, ana cewa mutanen da sai sun kurɓi romon kifi mai gishiri da suke miya dashi dan jiki ya ɗau ɗumi kafin su shiga, na yanzu wandon roba suke sawa har ƙirji. Ƙarshen wasa ana ɗaga asabarin su fito cikin ruwan su gaida jama'a, a mafi yawan bidiyon da ke yawo an yanke wannan wajen shi yasa abokinka bai gani ba. Wanda ke son ganin na ƙauye a fili, akwai Dao Thuc a wajen Hanoi, har yau suna yi a kududdufin garinsu.

TAMBAYA: Salam Anti. Mijina ya dawo daga Biyetnam da wata jar takarda mai baƙin rubutu irin na 'yan China, wai wani tsoho ne ya rubuta masa. Ya rataye a falo. Ni hankalina bai kwanta ba, kar dai laya ce. Kuma abun da ya ɗaure min kai, kwalayen kayan da ya kawo duk da haruffan boko aka rubuta. To wanne ne rubutunsu?

AMSA: 'Yar uwa kwantar da hankalinki, amma tambayarki na kan hanya. Duka biyun nasu ne. Sun yi shekaru wajen dubu ƙarƙashin mulkin China, dan haka rubutun China ya zama na fada da na malamai. Daga baya suka lanƙwasa haruffan suka ƙirƙiro wasu dan rubuta yarensu, ana kiransa Nom, kusan yadda kakanninmu suka yi da haruffan Larabci aka samu ajami, su ma kuma boko ya zo ya danne. 'Yan mishan na Turai ne suka fara rubuta yaren da haruffan Latin, ƙamus ɗin ɗayansu, Alexandre de Rhodes, ya fito a Rum a 1651, zamanin mulkin Faransa abun ya bazu, jarrabawar ɗaukar ma'aikatan fada ta ƙarshe da tsohon rubutu an yi ta a 1919. Yau ɗan Biyetnam na titi baya iya karanta abun da ke rataye a falonku, shi ma sai an faɗa masa.

Al'adar da mijinki ya tarar ta sabuwar shekararsu ce, Tet, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Mutum zai je wajen malamin rubutu, suna ce masa ong do, galibi dattijo cikin doguwar riga da ɗan rawani, ba cewa ake nazo siya ba, roƙon kalma ake yi shi kuma ya bayar, duk da dai kuɗi na canja hannu. Malamin kirki sai ya tambaye ka me ke damunka bana, me kake nema. Ɗalibi a bashi kalmar cin jarrabawa ko basira, ɗan kasuwa arziki, mai tsofaffi a gida tsawon rai, sabbin aure zaman lafiya, mai saurin fushi kuma haƙuri. Sai ya ɗiga ruwa a kan dutse ya goga sandar tawada a hankali har tayi kauri, ya riƙe burushi a tsaye cak, hannun ko taɓa takarda baya yi, ya ja harafin a numfashi ɗaya ba gyara ba komawa, ƙarshe ya buga jan hatiminsa a gefe. Jar takarda kuma a wajensu launin farin ciki ne.

To yawanci fatan alheri ne kawai, kalma ɗaya ko baiti biyu. Amma ba zan ce miki duka ba, dan akwai masu ɗauke da kalaman addinin Buddha, akwai kuma waɗanda ake rubutawa dan wajen girmama kakanni da ke cikin gidajensu. Ki ɗau hoton takardar da waya kisa manhajar fassara ta karanta, in rubutun ya cika lanƙwasa ta kasa, mijinki ya tura wa wanda yake siyan kaya a wajensa ya tambayo. In kun san abun da aka rubuta, hukuncin ratayewa ku kai wa malaminku, wannan ba fagen Anti bane.

Shawarata ga duk mai zuwa, kar ka siyi wanda aka riga aka rubuta aka jera a shagon tsaraba, da yawa bugun inji ne. Ka zauna a rubuta a gabanka, kai ka zaɓi kalmar, kasa a rubuta maka ma'anarta a baya. Akwai masu yi da haruffan boko ma da burushi, wannan ko sunanka zasu iya rubuta maka. Wurin zuwa shi ne Van Mieu, tsohon wurin girmama malamai da ilimi a Hanoi, wanda aka gina a 1070, aka buɗe makarantar fada a cikinsa a 1076, akwai duwatsu 82 a kan bayan kunkuru na dutse ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar fada daga 1442 zuwa 1779. Duba takardar kuɗinsu ta dong 100,000, hoton wani ɗan bene na cikin wurin ne a bayanta. Lokacin Tet malaman rubutu na kafa rumfuna a bakin tafkin Van da ke tsallaken titi, a birnin Ho Chi Minh kuma a titin Pham Ngoc Thach suke jeruwa. 'Yan kasuwa dai ku kula, ranakun farko na Tet shaguna da masana'antu a rufe suke ruf, gara ku je sati ɗaya kafin, ku gama ciniki sannan ku leƙa rumfunan.

TAMBAYA: Anti a gurguje, in mutum na wannan yawon a Hanoi ina zai yi sallah, abinci kuma fa?

AMSA: Masallacin Al-Noor na lamba 12 titin Hang Luoc a tsohon gari, 'yan kasuwar Indiya ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, da ƙafa ma zaka iya takawa daga gidan wasan Thang Long, ana Juma'a. Abinci kam a kula, naman alade ya yi yawa a girkinsu har a romo da cikin burodi, ka tambayi mutanen masallaci su nuna maka gidajen halal na kusa, akwai na Indiyawa a unguwar. In ka rasa, nemi shagon da aka rubuta chay a ƙofa, abincin ganye ne zalla ba nama.